Jar Takarda a Ƙofar Gidan Burodi

Kwana uku ke nan da na toshe lambar Auta a wayata, kuma wallahi ban yi nadamar ko minti ɗaya ba. Mutumin da ya shafe shekara biyu yana rantse min cewa ni kaɗai ce, shi ne aka ce ya zauna shiru a gaban uwarsa ana sa masa ranar aure da 'yar ƙanwarta. A bakin maƙwabciyarmu na ji, shi bai iya buɗe baki ya gaya min ba.

Auta shi ne ɗan autan Hajiya mai gidan burodin unguwarmu. Ni kuwa duba-gari ce, aikin mahaifina na gada, Allah ya jiƙansa. Kafin annoba ta zo, aikinmu leƙa kwata da rijiya da masai da wuraren sayar da abinci. Da aka kafa dokar kulle, sai aka ba mu mota da wayar oba-oba da ɗan sanda ɗaya, aka ce mu zaga mu tabbatar kowa ya zauna a gidansa.

Wannan aikin nawa shi ne laifina a wurin Hajiya. Ranar da Auta ya kai ni in gaishe ta, wata huɗu da suka wuce, na durƙusa har ƙasa, aka ba ni ruwa na sha. Sai ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa ta ce,

"Au, ke ce mai leƙa masan mutane? Da wannan hannun za ki dinga zuba wa ɗana abinci?"

Na sunkuyar da kai. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki kofin da na sha ruwa da shi, ta jefa a kwandon shara a gaban idona, matan 'ya'yanta biyu suna gefe suna ƙunshe dariya. Auta ya biyo ni har titi yana ba ni haƙuri, na haƙura saboda shi. Amma ƙarar faɗuwar kofin nan ba ta bar kunnena ba.

Da safiyar kwana na ashirin da uku na kulle, ina tsaye gaban madubi ina ɗaura takunkumi, Mama ta shigo ta zauna a bakin gadona. Da ganin zaman na san da magana.

"Jiya ma Kofur ya kira ya gaishe ni," ta ce.

Kofur shi ne ɗan sandan da aka haɗa mu aiki da shi. Tun kafin annoba yake bina, ina zillewa.

"Allah ya ba shi lada," na ce.

"Ke dai ba kya jin magana. Mutum mai aikinsa, mai mutunci, bai raina sana'ar ubanki ba. Me kike jira? Kwana uku ina jin kukanki ta bango, ki fito da safe kina yi min dariyar yaƙe. Kina tsammani ban sani ba? Ni fa na haife ki."

Sai hawayen da nake riƙewa suka ƙwace, suka jiƙa takunkumin da na ɗaura yanzun nan.

"Mama, ba kukan so nake yi ba. Kukan baƙin ciki ne. Me na yi wa matar nan? Sata na yi? Yawon banza aka kama ni ina yi? Aikin da Baba ya ciyar da mu da shi ta mayar abin ƙyama. Shi kuma ɗan nata ya zauna kamar an ɗinke masa baki. Roƙona ɗaya ne a wurin Allah, kada ya ɗauki raina sai ya nuna min ranar da za ta durƙusa a gabana."

"Subhanallahi! Ki bar wa Allah, 'yar nan."

"Na bar masa, Mama. Amma in ya miƙo min a hannuna, ba zan mayar ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, hon ɗin mota ya katse ta. Na canza takunkumi na fita.

*

Dogo direbanmu ne ke tuƙi, Kofur yana gefensa da wayar karɓar rahoto a cinya, ni ina baya da jakar takardu. Titi fayau, shaguna a garƙame, awaki sun kwanta a tsakiyar kwalta babu mai korarsu. Mun mayar da wani mai keke gida, mun rufe wani shagon aski da ake shiga ta bayansa. Wajen ƙarfe goma wayar Kofur ta yi ƙara.

Ya saurara na ɗan lokaci yana cewa "To, to, na ji." Da ya ajiye, sai ya juyo ya dube ni. Ko ta saman takunkumi na ga idanunsa suna dariya.

"Ranki ya daɗe, yau abin nema ya samu. Taro ake yi a gidan burodi. An ce aure za a ɗaura."

Ashe ranar da aka sa yau ce, ko jiran a buɗe gari ba za su yi ba.

"Wa ya kira?" na tambaya.

"Bai faɗi suna ba. Maƙwabci ne wataƙila."

"Dogo, juya."

Dogo ya dube ni ta madubi. Dattijo ne mai 'ya'ya manya, ya san labarina tun daga tushe.

"Ko mu tura wa motar ɗaya unguwar, 'yata? Fushi ba ya aiki mai kyau."

"Unguwata ce, Baba Dogo. Juya kawai."

Takardu iri biyu ne a jakata. Akwai fara, wadda ake ba mai gida gargaɗi, a watsa taron, kowa ya kama gabansa. Akwai ja, wadda ake liƙawa idan an yi yunƙurin ɓoye mutane ko an ga mai alamar ciwo a cikinsu. Ita ja, da zarar an liƙa ta an faɗa wa cibiyar yaƙi da annoba lambarta ta oba-oba, to bakin alƙalami ya bushe. Duk wanda ke cikin gidan sai ya kwana goma sha huɗu a ciki, babu shiga babu fita. Zaɓin na duba-gari ne. A kwana ashirin da uku ban taɓa ciro ja ba, don na san nauyinta.

Ranar nan tun a mota na ciro ta, na ajiye a saman sauran.

*

Gidan burodin yana gaba, gidan zama yana bayansa, babbar ƙofa ɗaya suke shiga. A jikin bangon da ke kallon titi akwai taga mai sandunan ƙarfe, ta nan ake miƙo wa masu saye burodi. Doka ta bar masu burodi su yi aiki, don haka ba laifi ba ne a ga ƙofarsu a buɗe.

Mu duba-gari muna da wata dabara da duk unguwa ta riga ta gano. Ba ma kutsawa ɗakunan mutane haka kawai. Takalman bakin ƙofa muke ƙirgawa. Gidan mutum shida in ka ga takalmi ashirin, ka san da baƙi.

Muna shiga tsakar gidan na dubi bakin ƙofar falo. An share shi fes, babu takalmi ko ƙafa ɗaya.

Na kusa yin dariya. Mutum tara ne ke kwana a gidan nan, na san su ɗaya bayan ɗaya. Gidan mutum tara babu ko silifas ɗin shiga banɗaki? Sun yi wayo har ya yi yawa.

Hajiya ta fito da carbi a hannu, takunkuminta a ƙarƙashin haɓa. Da ta gane ni sai fuskarta ta motsa, amma nan da nan ta saki murmushi.

"Lale, lale, ma'aikata. Sannunku da ƙoƙari. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mutum nawa ne a gidan?"

"Mu ya mu ne. Wa zai zo a wannan yanayi?"

"Duk ba ku da takalma ne?"

"Wanke su aka yi, saboda cutar nan. Ai ku kuka ce a yi tsafta."

"Madalla. A ina aka shanya su?"

Ta kau da kai tana jan carbi. Ni kuwa hancina ya riga ya gaya min wani abu. Shekara biyu ina wucewa ta gidan nan, ban taɓa zuwa da hantsi ban ji ƙamshin burodi ba. Yau babu ƙamshi, bututun hayaƙi ma ko ɗumi ba ya yi.

Na juya na nufi ɗakin gashi.

"Ina za ki? Babu kowa a can!" ta ce, muryarta ta tashi.

Da gaske babu kowa. Tebur ɗin kwaɓi a goge, tirori a jere, buhunan fulawa a jingine. Na sa safar hannu na dafa murfin babban tanderun, sanyi ƙalau. Na ja shi.

Takalma suka zubo a kan ƙafafuna kamar an kwance buhun dankali. Na maza, na mata, masu tsini, sau-ciki, har da wani farin takalmi sabo fil mai ado wanda ko ba a gaya min ba na san na wace ce. Dogo ya kasa daurewa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ikon Allah! Yau takalmi ake gasawa?"

Na tsuguna na jera su biyu-biyu a ƙasa, a hankali, ina ƙirgawa da ƙarfi yadda za ta ji. Arba'in da bakwai.

*

Kofur ya tura ƙofar falo. An kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi, mutane a cunkushe kafaɗa da kafaɗa, an rufe tagogi don kada a ji motsi. Suka yi tsuru-tsuru. Ga liman a gaba, ga kawunnan Auta su uku, ɗaya daga cikinsu ya kafa kujera a bakin ƙofa kamar mai gadi. Ta ƙofar ɗakin ciki na hango mata, a tsakiyarsu 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta sha ado.

Sai na gan shi. Yana can ƙurya tsakanin yayyensa biyu, sanye da fararen kaya. Muna haɗa ido fuskarsa ta washe, ya yi murmushi har da sauke ajiyar zuciya.

Murmushi! A ranar aurensa da wata, ya gan ni ya yi min murmushi. Na ji in ban yi wani abu ba zuciyata za ta fashe.

"An ɗaura?" na tambayi liman.

"Ba a kai ga haka ba, 'yata. Yanzu muke shirin farawa."

A daidai lokacin babban kawun ya yi tari. Tarin tsufa ne, kowa a unguwa ya san shi da shi tun ina yarinya. Amma na juya na dube shi kamar yau na fara ji.

"Kofur, ka ji tarin nan?"

"Na ji, ranki ya daɗe. Ga ɓoye mutane, ga mai tari. Doka a fili take."

Na koma tsakar gida na buɗe jaka. Da Hajiya ta ga launin takardar da na ciro, carbin ya suɓuce daga hannunta. Ta biyo ni da sauri, ta manta ƙafarta babu takalmi.

"'Yata, ki yi wa Allah. Ki ba mu fara, yanzun nan kowa zai tafi. Kwana goma sha huɗu? Fulawata za ta lalace, masu sarin burodina za su koma wani wuri. Mutum arba'in da bakwai, ina zan kwantar da su? Me zan ba su?"

"Yau ni ce 'yarki, Hajiya?"

"Abin da ya wuce ya wuce. Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan ne ya ɗauki kofi da yatsu biyu?"

Sai ga Hajiya mai gidan burodi ta durƙusa a kan siminti, gwiwa biyu, a gaban baƙinta da matan 'ya'yanta. Ta miƙo hannu za ta kama gefen rigata, na ja da baya.

"Kada ki taɓa ni, Hajiya. Hannun mai leƙa masai ne, kuma doka ta ce a ba da tazara."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashina. Wata huɗu ina ɗauke da dutse a ƙirji, yau na sauke shi a kan mai shi.

Daga cikin falo na ji muryar Auta.

"Tsaya! Don Allah tsaya! Ba ja ba! Ku sake ni in yi mata magana!"

Ya ture yayyensa ya taho, Kofur ya tare ƙofar da sandarsa.

"Koma ciki, malam. Babu mai fitowa."

"Ki saurare ni minti ɗaya! Minti ɗaya kawai!"

Ko waiwaye ban yi ba. Ai lokacin da ya kamata ya yi magana ya wuce, yanzu da wuta ta kama gidansu ne bakinsa ya buɗe. Muka fita, Dogo ya ja ƙofar yana girgiza kai, Kofur ya zura sarƙa ya danna kwaɗo. Na shafa gam na liƙa jar takardar a tsakiyar ƙofa, na lallatsa kusurwoyinta huɗu da tafin hannuna. Sannan na ɗaga oba-oba na karanta wa cibiya lambar, na ce an ɓoye mutane kuma akwai mai tari.

"An shigar," muryar matar cibiya ta ce. "Ki ɗauki sunayensu ta taga. Ke za ki riƙa zuwa auna su kowace safiya har kwanakin su cika."

*

Na ja benci na zauna a gaban tagar sayar da burodi, na buɗe takardar sunaye. Wanda ya fara zuwa shi ne Auta. Ya kama sandunan ƙarfen da hannu biyu, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa.

"Suna?" na ce, kaina a ƙasa.

"Me kika yi? Me kika yi mana?"

"Aikina na yi, ango. Suna?"

"Ni na kira ku."

Biron ya tsaya a hannuna.

"Ni na kira lambar rahoto," ya ce. "Sau nawa na kira wayarki a kwana ukun nan? Kin toshe ni. Da asuba na ga ana shigo da tabarmi, na ga kawu ya kafa kujera a ƙofa, sai na gane yau suke nufi. Na shiga banɗaki na kira. Kofur ne ya ɗauka. Na ce masa ni ne, ya gaya miki ki zo da farar takarda ki watsa taron. Sau biyu na maimaita masa, fara, fara."

"Ƙarya kake yi," na ce.

"Motar rabon burodi tana bayan gida, ga makullin a aljihuna, takardar izinin fita tana ciki. Ana buɗe ƙofa mutane su watse, zan bi cikinsu in fice, in tafi gidan Yayata can ƙetaren gada in zauna har a buɗe gari. Ita tana goyon bayanmu, ta ce za ta je wurin Mamanki da kanta. Da na gan ki kin shigo na ce Allah ya amsa addu'ata. Ba ki ga na yi murmushi ba?"

Na gani. Wallahi na gani.

"To me ya sa ka yi shiru da aka sa ranar? Me ya sa sai a bakin mutane zan ji?"

"Ta ce in na buɗe baki a gaban mutane za ta ɗaga min nono. Uwa ce fa. Ya kike so in yi? Na yi shiru ne in samu hanyar fita ba tare da ta tsine min ba. Wata uku ina zillewa, in kawu ya zo da safe in fita rabon burodi, in ya zo da yamma in ce mota ta lalace. Ba su taɓa samun zaunar da ni a gaban liman ba sai yau. Yanzu ga liman a ciki, ga kawunnaina, ga shaidu, ga ita Malama. Kwana goma sha huɗu. Kin rufe ni da su, kin sa kwaɗo."

"Ka ce a'a. Kai ba yaro ba ne, babu mai ɗaura maka aure sai da bakinka."

"Yau zan ce a'a. Gobe ma zan ce. Amma kin san Hajiya. Za ta daina cin abinci, ta kwanta ta ce ni zan kashe ta. Kawu zai zauna a kaina safe da yamma. Babu inda zan gudu, ko ɗakina an cika da baƙi." Ya jingina goshinsa da ƙarfen. "Ina son ki, Allah ne shaida. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko zan kai kwana goma sha huɗu ba."

Na miƙe zumbur na fizgi oba-oba.

"Cibiya, cibiya. Jar takardar gidan burodi, kuskure aka yi. A mayar da ita fara."

"Ba ke kika ce akwai mai tari ba?"

"Tarin tsufa ne."

"To likitoci ne za su faɗi haka, ba ke ba. An riga an shigar. Ko shugaban cibiya ba ya buɗewa kafin kwanaki su cika. In kuma rahoton ƙarya kike cewa kin bayar, ki faɗa in rubuta, ki ajiye kaki. Ƙofar dai ba za ta buɗe ba."

Na sauke hannuna. Kofur yana jingine da mota yana duba farcensa. Na taka har gabansa.

"Ya faɗa maka sunansa."

"Layin ba shi da kyau, ranki ya daɗe. Taro na ji, taro na isar."

"Ya ce maka fara."

"Ni na ciro ja daga jakarki?" ya ce a hankali. "Tun a mota kika ajiye ta a sama, ina kallo."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

"Ka saurare ni da kyau," na ce. "Ko maza sun ƙare a duniya saura kai kaɗai, gara in mutu a ɗakin uwata. Kada ka sake kiran Mama. Kuma ka rubuta ka ajiye, duk daren daɗewa sai na rama wannan."

Dogo ya zo ya tsaya a tsakaninmu.

"Je ki ƙarasa sunayen, 'yata. Mutane suna jira."

Na koma benci. Auta ba ya nan, an janye shi. Suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar suna da shekaru da dangantaka da gidan, ina rubutawa ina share hawaye da bayan safar hannu. Liman ya ce Allah ya shirye ni. Matan 'ya'yan Hajiya suka harare ni. Ban ga ko ɗaya sosai ba.

Na ƙarshe ita ce Hajiya. Na ɗauka zan ga matar da ta durƙusa ɗazu. Ina! Ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauko carbinta. Hannunta ɗaya yana riƙe da na Malama.

Ta leƙo ta tsakanin sandunan ta dube ni, ta yi murmushi mai sanyi.

"Na zo in yi miki godiya, 'yar nan. Ɗazu tsoro ya rufe min ido, ban ga alherin ba. Wata uku ina neman yadda zan zaunar da yaron nan, ya fi ƙarfina. Ashe ma yau guduwa ya shirya yi, yanzu na karɓe makullin a aljihunsa. Fulawa ta lalace mana, a sayi wata. Abin da kawunnansa uku suka kasa, kin yi min shi da gam da takarda."

Ta jawo Malama gaban tagar.

"Ga ta nan, rubuta ta."

Malama ta faɗi sunanta da shekarunta ba tare da ta ɗaga ido ba. Na rubuta. Saura layi ɗaya.

"Dangantaka da gidan?" na tambaya.

"Yau dai baƙuwa ce," Hajiya ta ce. "Amma ki rubuta da fensir, 'yar nan. Tunda ke za ki riƙa zuwa kowace safiya, kada ki sha wahalar gogewa."

Na dube ta, na dubi bayanta inda nake jin muryar kawu ta fara tashi a falo, muryar Auta tana amsawa ƙasa-ƙasa. Na riƙe biron da kyau na rubuta baƙuwa, ina dannawa har takardar ta huje.